Kafin Ka Kama Hanyar Tunga

Ɗana, mahaifiyarka ta shaida mini an kira ka aiki a Tunga, wai wani mai jirgin kaya yana so ka canza masa bushin farfela. Na yi murna ƙwarai. Ba a tasowa daga bakin Binuwai, a wuce Awe, a wuce Obi, a zo har Lafiya neman makaniki sai an ji labarin hannunsa. Allah ya ƙara buɗi. Sai dai tun da na ji maganar hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na zauna na rubuta maka abin da, da ƙafar nan tana da ƙarfi, a bakin ruwan zan tsaya in faɗa maka shi.

Shekara shida ka yi a gabana kana kwance injin niƙa da injin casar shinkafa da na ban ruwa. Boris ba baƙonka ba ne. Kana jin kukansa daga ƙofar shago ka san ya cinye, kana ɗora tafin hannu a gidansa ka san ko giris ya ƙare. Abin da ba ka saba da shi ba shi ne ruwa. Mota in ta lalace a hanyar Makurɗi, direba ya gangara gefe, fasinjoji su sauka su nemi inuwa, a aiko a kira ka. Injin casa in ya tsaya, mai shinkafa ya yi ƙorafi ya dawo gobe. Jirgi kuwa in farfela ta daina juyawa a tsakiyar Binuwai cikin watan Satumba, lokacin da kogin ya cika ya batse, ruwa ne ke karɓe tuƙin. Zai juya jirgin a kaikaice, ya kai shi inda ya ga dama, ko kan kututture ko kan wani jirgin. Babu gefen titi a can, ɗana. Wannan ita ce maganar da nake so ka riƙe tun daga noti na farko da za ka kwance.

Bari in fara da shi abin da za ka canza, don ya sha bamban da wanda ka sani. A jirgin da injinsa ke ciki, sandar farfela, wadda muke kira shaf, tana tasowa daga giya, ta ratsa bayan jirgi ta cikin wani bututu, ta fita cikin ruwa, farfela na maƙale a bakinta. Dab da farfelar akwai bushin, abin da ke tallafe sandar don kada ta yi lilo. Ba shi da ƙwallaye ko ɗaya. Bututun tagulla ne, an shimfiɗa baƙar roba a cikinsa, robar kuma an yi mata kwari-kwari a tsaye daga wannan baki zuwa wancan. Tsawonsa yawanci ninki huɗu ne na kaurin sandar. Ba ya shan mai, ba ya cin giris. Ruwan kogi ne mansa. In sanda ta fara juyawa sai ta ja ruwa siriri tsakaninta da robar, ta riƙa shawagi a kansa, kwarin nan kuma su riƙa wucewa da ruwan yana sanyaya wurin. In ƙwayar yashi ta shiga, robar takan lotsa ta ba ta hanya, ta mirgina ta faɗa kwari, ruwa ya tafi da ita. Da ƙarfe ne a kan ƙarfe, da yashin ya zauna yana gurzar su har su ƙare.

Mutane sun daɗe suna fama da wannan ɗan wuri kafin su kai ga roba. Jiragen farko masu farfela ƙarfe ne ke juyawa cikin tagulla, yana cinyewa da wuri, jirgi ya yi ta rawa yana yoyo. A shekarun 1850 ne wani maƙerin injuna na Ingila mai suna John Penn ya gwada jera wani icce mai tauri da maiƙo da ake samowa daga tsibiran Karibiyan, icce mai nauyin da ko a ruwa nutsewa yake yi, sai ga shi ya fi ƙarfen jurewa. Robar ta zo daga baya, a Amurka, cikin shekarun 1920. Kuma kada ka ɗauka labarin nesa nake ba ka. A 1854 wani jirgi mai suna Pleiad, wanda ke da yadin da iska ke turawa kuma yana da injin tururi da farfela, ya haura Binuwai ɗauke da Dokta William Baikie da Samuel Ajayi Crowther. Ya bi ta gaɓar ƙasar Doma, har suka aika manzanni Keana suna cigiyar Baturen nan Barth, wanda mutanen Arewa suka sani da Abdulkarim. Daga baya Loko ta zama babbar tasha, inda ’yan dako ke sauke kuzar Jos da suka ɗauko a ka kafin jirgin ƙasa ya iso. Yanzu akwai gadar Loko zuwa Oweto da aka buɗe a 2023, amma daga can har Tunga, ƙauyuka da yawa ba su da wata gada sai jirgi. Farfela ta haura shekara ɗari da sittin tana juyawa a ruwan nan namu, kuma tun ranar farko yashinsa yake cin abin da ke tallafe ta.

In ka isa, kada ka buɗe jakar kayan aiki tukuna. Ka gaida sarkin jirgi da dattawan kwata, ka zauna da mai tuƙin, ba mai jirgin kaɗai ba. Mai tuƙi shi ya san yaushe rawar ta fara, ko tana ƙaruwa in an taka wuta, ko sun taɓa hawa tudun yashi da rani, ko farfela ta taɓa dukan icce. Ka bar shi ya yi magana har ya gama. Rabin ciwon a bakinsa za ka ji shi.

Sannan a jawo jirgin tudu, a kafa shi sosai a kan gungume, don za ka kwanta a ƙarƙashinsa. Ka kama farfela da hannu biyu, ka girgiza sama da ƙasa, hagu da dama. Sabon bushi ba ya ba da wani motsi da hannu zai ji sosai. In ka ji ƙwal-ƙwal, ko ka ga sandar tana wasa ya kai milimita ɗaya da rabi, ya gama aikinsa. Ka leƙa bayan farfelar da tocila. Sau da yawa za ka tarar da zaren koma ko igiyar mamari sun naɗe wurin, sun narke sun zama kamar ƙaho, sun toshe hanyar da ruwa ke shiga. Robar da ba ta samun ruwa ƙonewa take yi cikin ɗan lokaci.

Wajen cire farfela, ka zare fin, ka sassauta noti amma kada ka cire shi gaba ɗaya, don in ta saki da ƙarfi take tahowa, notin ne zai tare ta kada ta faɗo maka a ƙirji. Da abin zarowa ake janye ta. Na san za a miƙo maka guduma, wani ma ya ce ai haka suke yi kullum. Kada ka karɓa. Duk dukan da ka yi wa farfela, ta cikin sanda yake bi ya sauka a kan boris ɗin giya, ka gyara wuri ɗaya ka ɓata wani. Ɗan makullin ƙarfen da ke zaune a tsagar sanda, ka sa shi a aljihu nan take. In ya faɗa yashi ya tafi ke nan.

Bayan ka kwance sandar daga giya ka zaro ta, ka nemi ƙananan ƙusoshin da ke riƙe bushin ta gefen gidansa. Fenti da tsatsa sukan rufe su har mutum ya rantse babu su. Ka kankare ka gano su, ka kwance. Wani bushin in ka tura zai fito salin-alin. Wanda ya daɗe kuwa sai ka zura bakin zarto ta cikinsa, ka yanka shi a tsaye, a hankali, kana tsayawa kana dubawa, har tagullar ta rage kamar takarda. Daga nan ka tanƙwara bakin ciki, zai saki da kansa. Nan ne ake gane mai haƙuri. In zarto ya wuce ya ci gidan bushin, ka jawo wa mai jirgi asarar da ta ninka kuɗin aikinka.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya. Ka ɗauki tsohon bushin da ka cire, ka wanke shi, ka kai shi haske, ka duba. Shi zai gaya maka abin da ya kashe shi. In robar ta cinye daidai ko’ina, tsufa ne da yashi, babu laifin kowa. In ta cinye ta sama a baki ɗaya, ta ƙasa a ɗaya bakin, to inji da sanda ba su kan layi ɗaya. In ta yi ƙyalli ta tsattsage, ƙishirwa ce, ruwa ba ya isa gare ta. Ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya sa sabo bai nemi dalili ba, ya ciyar da sabon ne ga abin da ya cinye tsohon.

Ni na taɓa yin haka, kuma har yau ina tuba. Ina da ƙuruciya a lokacin, aka kira ni wani ƙauye a bakin kogin, jajibirin kasuwa. Mai jirgin yana tsaye a kaina, buhunan doya da na shinkafa an riga an jibge su a gaɓa. Na ga sandar ta ɗan yi kwari a inda bushin ke zama, raina kuma ya ba ni cewa tana da ’yar tanƙwara, amma ban mirgina ta na gwada ba. Na sa sabon bushi, na ɗaure, na karɓi kuɗina, na komo Lafiya. Ba a yi wata biyu ba aka zo mini da labari. Rawar ta dawo ta fi ta da, ta sassauta ƙusoshin da ke haɗa sanda da giya, suka karye a tsakiyar ruwa, jirgi cike da mata ’yan kasuwa da goyonsu. Ruwa ya ja su nesa kafin masu kwalekwale su cim musu da igiya. Allah ya kiyaye, ba a rasa kowa ba. Da na koma, wata tsohuwa da ke cikin jirgin ranar ta dube ni, ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce mini jikarta tun ranar ba ta yarda ta kusanci kogi. Na fi shekara talatin ina ɗauke da wannan kallon.

Saboda haka ka gwada sandar. Ka ɗora ta a kan wuri mai santsi wanda ka tabbata a miƙe yake, ka mirgina ta a hankali, ka sunkuya kana kallon hasken da ke ƙarƙashinta. In hasken yana buɗewa yana rufewa, ta tanƙware. Ka shafa yatsa a inda bushin ke zama. In farcenka yana maƙalewa a kwari, sabuwar roba ba za ta daɗe a kai ba. Ka dubi farfelar ita ma, don kunne ɗaya da ya lanƙwashe ya isa ya sa jirgi rawa. Abin da ka gani, ka faɗa wa mai jirgi a gaban mai tuƙinsa, da muryar girmamawa, ba tare da ka rage komai ba.

Wajen sayen sabo, ka auna abu uku da ma’aunin kauri: kaurin sanda, faɗin ramin gidan, da tsawonsa. Akwai tarko a nan da ya kama manya. Sanda mai inci 1 milimita 25.4 ce, akwai kuma mai milimita 25 cif. A ido ɗaya suke, a hannu ɗaya suke. Ka sa bushin inci a sandar milimita, tun ranar farko yana wasa kamar tsoho. Ka sa na milimita a sandar inci, ya shaƙe ta ya ƙone. Ka tafi shagon kayan gyara da tsohon a hannunka da awon a rubuce, ko Makurɗi za ka nema ko a aiko maka daga Onica. Kuma ka latsa robar da farce, ka duba ko ta manne da tagullar sosai. Araha ba ta ado. Na taɓa ganin inda aka sassaƙa bushi da iccen ƙirya, na ga inda aka yanko tsohuwar taya aka cusa. Ban raina dabarar mutanenmu ba, irin wannan kan kai jirgi gida in an maƙale a daji. Amma abin kai jirgi gida daban, abin ɗaukar rayukan mutane kowace ranar kasuwa daban.

Sa sabon ba shi da wuya in ka share ramin tas. In za ka samu ƙanƙara a Awe, ka nannaɗe bushin a leda ka binne shi a ciki na ɗan lokaci, tagullar za ta ɗan tsuke ta shiga da sauƙi. Ka ja shi ciki da doguwar ƙusa mai noti da manyan washa biyu, kana ɗaurewa sannu sannu, kana lura ya shiga a miƙe. Ka mayar da ƙananan ƙusoshin su ciji tagullar kaɗan, kada su huda har roba. In za ka zura sanda, ruwan sabulu za ka shafa. Hannunka zai kai ga gwangwanin giris don sabo, ka janye shi. Giris toshe kwarin yake yi ya kama yashi ya riƙe. Kuma kada ka yarda a tayar da inji a sa giya jirgi yana tudu don a ji daɗin ƙara.

Saura daidaita layi, aikin da yawancin masu gyara ke tsallakewa don ba a ganinsa. Faranti biyun da ke haɗa giya da sanda, ka kusanto da su ba tare da ka ɗaure ba, ka zura ma’aunin nan mai siraran ƙarafa da muke gwada bawul da shi, sama da ƙasa, hagu da dama. A faranti mai faɗin santimita 10, bambancin bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. In ya wuce, injin za ka ɗaga ko ka sauke daga ƙafafunsa har su haɗu, ba ƙusoshi za ka matse su jawo shi da ƙarfi ba. Kuma ka sani jirgin katako yana canza zama. Yadda yake a kan gungume ba haka yake ba in ya sha ruwa ya ɗauki kaya. Sai ka kwana a can, a sa shi a ruwa, washegari ka sake gwadawa. Na san kwanan zai ci maka aikin yini guda a shago. Ka kwana. Wurin da sanda ke ratsa jikin jirgi kuma, inda ake cusa igiyar toshiya, kada ka matse shi har ya bushe ƙaf. Yana son ɗan ɗigo kaɗan in sanda na juyawa. Ka taɓa shi bayan kun yi tafiya, in hannunka bai iya zama a kai ba, ka sassauta.

Tunda ka je, masu injin ratayawa irin su Yamaha za su kewaye ka, don su ne suka fi yawa a kwata. Nasu boris na gaske ne, yana cikin man giya a ƙafar injin, roba mai hana ruwa shiga ce ke tsare shi. Abokin gabarsa shi ne dai zaren masunta. Yakan shige bayan farfela ya yanka robar, sai bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Ka kwance ƙusar ƙasa ka ɗiga man a tafin hannu. In ya fito fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga. In ka ga ƙyallin garin ƙarfe, boris ya fara tafiya. Ka koya musu cire farfela su share zaren lokaci-lokaci, ka nuna musu cewa ta ramin ƙasa ake ɗura sabon mai har sai ya ɓullo ta na sama. Wannan kyauta za ka koya musu, ba zai rage maka komai ba.

Abin da zai fi ba ka wuya ba ƙarfe ba ne, mutum ne. Mai jirgi yana da iyali, yana da bashi, kowace ranar da jirginsa ke tudu asara ce a gare shi, kuma ba mugu ba ne don ya ce ka lallaɓa. Zai ce a bari sai bayan kaka. Zai ce wane ya yi masa a rabin kuɗin. Ka saurare shi da mutunci, ka rage masa ladan hannunka in kana iyawa, ka yarda ya biya ka kashi biyu. Amma in sanda ta tanƙware ya ce a mayar da ita haka, ka ba shi haƙuri ka tattara kayanka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tuna Arikya, nan cikin ƙaramar hukumarmu ta Lafiya, inda mutum 12 suka rasu a ruwa a watan Agustan 2023. Ka tuna Bagwai a Kano, ƙarshen Nuwamban 2021, yawancinsu ’yan makarantar Islamiyya. Ka tuna Patigi a watan Yunin 2023, mutum fiye da 100 masu dawowa daga biki. Allah ya jiƙansu. Ban ce bushi ne ya ci su ba. Abin da aka fi ambata a irin waɗannan masifu shi ne lodin da ya wuce ƙima, da tafiyar dare, da tsufan jirgi, da rashin rigar ruwa, kuma hukumar NIWA da ke Lakwaja ta sha yin gargaɗi a kansu. Waɗannan ba a hannunka suke ba. Abin da ke hannunka shi ne kada jirgin da ya riga ya yi nauyi ya rasa injinsa a tsakiyar kogi saboda aikin da ka taɓa. Matar da za ta zauna a kan buhun riɗi da jariri a bayanta ba za ta taɓa ganin robar nan ba, ba za ta san sunanka ba, amma amanarta na wuyanka.

In an gama, ka shiga jirgin da kanka a gwajin farko, da rigar ruwa a jikinka ko da za a yi maka dariya. Ku haura ruwa, ku gangaro, a sa giyar baya. Ka ɗora tafin hannu a katakon baya, ka rufe ido, ka saurara kamar yadda na koya maka a kan injin casa.

Abin zaro farfelata da ma’aunin kauri suna nan cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, na sa an goge su. Ka biyo ranar Juma’a bayan an sauko daga masallaci ka ɗauka. In kun sa jirgin a ruwa, ka kira ni ka kara wayar kusa da bayan jirgin, ina so in ji ƙararsa da kunnena. Allah ya kai ka lafiya, ya yi wa hannunka albarka.